Sallamar Mai Gudu Ga Wanda Ya Tarar A Hanya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a 'yan shekarun nan samari a Burumburum da Tudun Wada da ƙauyukan Doguwa sun ɗauki al'adar fita gudu da sassafe, wasu don ƙwallo, wasu don shirin shiga aikin soja ko ɗan sanda. Wannan ba laifi ba ne, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi tsere da Nana A'isha. Abin da ya jawo magana shi ne, lokacin fitarsu ya yi daidai da dawowar dattawa daga sallar Asuba. Yaro ya gifta ta gaban sa'an mahaifinsa yana haki, ko uffan. Dattijo ya ce 'ya'yan zamani sun lalace, yaro kuma ya ce in ya tsaya gudunsa ya ɓaci.

Shari'a ta riga ta raba wannan gardama. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abu Huraira cewa mahayi ne ke fara yi wa mai tafiya a ƙasa sallama, mai tafiya ya yi wa na zaune, kaɗan su yi wa masu yawa. A wata ruwayar Buhari, ƙarami ya yi wa babba. Saurayi mai gudu shi ne mai wucewa, shi ne kuma ƙarami, saboda haka farawa tana kansa ta fuska biyu. Haki ba uzuri ba ne. Wanda ke da numfashin yi wa abokinsa kirari yana da na kalma biyu. Idan ayari ne, Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ta bayyana cewa sallamar ɗaya ta isar wa sauran, haka nan amsar ɗaya.

Ɗaga hannu kawai bai wadatar ba. Imamu Nawawi ya yi bayanin cewa in za a yi nuni, a haɗa shi da lafazi.

Dattawa kuma a nasu ɓangaren, amsawa wajibi ce, kamar yadda aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta nuna, ko da yaron bai tsaya ba. Tsayawa a tambayi kwana da gajiya da iyali al'ada ce kyakkyawa, kuma ɗa ga mahaifinsa ko malaminsa ya kamata ya sassauta ya tsaya. Amma a ƙi amsa sallama don yaro bai durƙusa ba, wannan barin wajibi ne saboda abin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya lissafa cikin bidi'o'i a littafinsa Ihya'us Sunna, wato rusunawa wajen gaisuwa.

Game da matan da ake tararwa a hanyar rijiya ko gona, an tambayi Imamu Maliku, ya ce bai ga laifi ba a yi wa tsohuwa sallama, amma budurwa bai so hakan ba. Wallahu a'alamu.