Darasi Na 14: Wane Gari Ya Fi Daɗin Zama?

Idan mutane sun taru a dandali, sau da yawa akan yi gardama a kan garuruwa. Wannan ya ce Kano ta fi, wancan ya ce Jos, wani kuma ya ce shi sai Zariya. Kowa da hujjarsa. Bari mu duba garuruwan nan ɗaya ɗaya, mu ga abin da ke jan mutane zuwa cikinsu.

Ɗan kasuwa Kano yake so. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya daɗa haɓaka, musamman na gyaɗa. Yanzu akwai Kantin Kwari inda ake sayar da atamfa da shadda, akwai kuma Dawanau inda ake cinikin hatsi. Mai sana'a ba ya rasa mai saye. Amma mutane sun yi yawa, ɗakin haya da tsada, a unguwanni da yawa kuma sai an sayi ruwa wurin 'yan garuwa.

Mai neman ilmi Zariya yake so. Tun dā almajirai ke zuwa can karatu wurin malaman zaure. A can aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A Samaru kuma, kusa da birnin, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Zariya ba ta kai Kano hayaniya ba, ba ta kuma kai ta ciniki ba.

Mai neman aikin albashi Kaduna yakan nufa. Kaduna ba tsohon birni ba ne. A 1917 ta zama hedkwatar Arewa, mutane daga ko'ina suka zo suka zauna. A 1957 aka buɗe babbar masaƙa ta farko, dubban mutane suka sami aiki. Amma bayan shekara ta 2000 galibin masaƙun nan sun rufe. Wanda ya tafi saboda labarin da ya ji wurin kakansa zai sha mamaki.

Wanda zafi ya dama Jos yake so. Jos tana bisa tudu, kamar ƙafa 4,000 sama da teku, saboda haka akwai sanyi. Haƙar kuza ce ta tara mutane can. Ƙasar tana yin dankalin Turawa da kabeji da karas. Amma da hunturu, wanda ba shi da bargo zai yi kewar gida.

Sakkwato kuwa akwai zafi ƙwarai, da bazara yakan wuce digiri 40. Duk da haka Basakkwace ba ya yarda wani gari ya fi nasa. Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, can ne kuma Hubbaren Shehu yake. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

To, kun gani, kowane gari da daɗinsa da wuyarsa. Abin da ya yi wa ɗan kasuwa daɗi ba lalle ne ya yi wa manomi ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ga abin lura. Samari da yawa sukan ji ana yabon birni, sai su sayar da gona su tafi. In kuɗin ya ƙare, ba aiki, ba gona, kunya kuma ta hana su komawa. Kafin mutum ya tashi, ya kamata ya tambayi kansa abu huɗu:

1. Wace sana'a zan yi can?
2. Wa zai sauke ni?
3. Nawa ne kuɗin ɗaki da abinci da ruwa a wata?
4. In ban sami aiki ba, ina da abin komowa gida?

A ƙauye, itace da ruwa da wurin kwana galibi ba a saye. A birni kome sai da kuɗi. Saboda haka wanda ke sha'awar wani gari, ya fara zuwa cin rani bayan kaka. Ya zauna wata uku ko huɗu, ya ga zaman wurin da idonsa, ya komo kafin damina. Gani ya kori ji. Gona kuwa kada a yi gaggawar sayar da ita.

Tambayoyi

1. A wace shekara jirgin ƙasa ya iso Kano?
2. Me ya sa Jos take da sanyi?
3. Wane abu huɗu ne mutum zai tambayi kansa kafin ya tashi?

Aikin Rubutu

Rubuta sunan garin da ka fi so. Sa'an nan ka rubuta dalili biyu a ƙarƙashinsa. Gobe kowa zai karanta wa aji nasa.