Jaririn Da Ba Ya Iya Jiran Alama

A cikin shekarun da na yi ina aikin gwajin jini a wannan yanki namu na Jega da Aliero da Maiyama, babu abin da ke ƙona mini rai irin jaririn da aka kawo bayan ya yi wata da watanni yana ramewa, harshensa da dasashinsa sun yi fari fat, zawo ya ƙi tsayawa, alhali iyayensa, bisa kyakkyawar niyya, sun daɗe suna ɗura masa jiƙon haƙori, ba su san ƙwayar ƙanjamau ce ke cin sa ba.

Allah Maɗaukakin Sarki, cikin hikimarsa, ya sanya wa jinin ɗan'adam ƙwayoyin halitta masu tsaro: akwai waɗanda likitoci ke kira CD4, su ne ke tsara yaƙi da cuta, akwai kuma CD8, masu halaka duk ƙwayar jikin da cuta ta shiga. To, ƙwayar ƙanjamau CD4 ɗin nan take shiga, ta hayayyafa a ciki, ta kashe su. Baligi yakan yi shekaru takwas ko goma jikinsa na danne ta kafin ya kwanta. Shi kuwa jariri, da yake masu tsaronsa ba su ƙosa ba, sai ƙwayar ta yawaita a jininsa tun watannin farko, har binciken da aka buga a 2004 a kan yaran Afirka masu ɗauke da ƙwayar ya nuna cewa, in babu magani, kimanin sulusinsu kan rasu kafin shekara guda, rabi kuma kafin biyu. Wani abin da kan ruɗi mutane shi ne, adadin CD4 na ƙananan yara bisa ɗabi'a ya fi na manya, saboda haka lambar da za ta kwantar da hankali ga baligi tana iya zama alamar hatsari ga yaro.

Mutane kan zo Aliero daga nesa neman ɗori domin karaya a fili take. Wannan karayar ta garkuwar jiki kuwa ido ba ya ganinta sai ta yi nisa. Shi ya sa muke roƙon duk uwar da ke ɗauke da cutar ta kawo jaririnta da ya cika mako shida, a tsaga masa diddige kaɗan, a ɗiga jinin a kan kati, a aika ɗakin bincike. Gama gwajin tsinke na manya ba ya rarrabe garkuwar da yaro ya gada daga uwarsa da tasa ta kansa sai wajen wata 18.

Magani kuwa akwai shi, kyauta. Wani bincike a Afirka ta Kudu, wanda aka buga a 2008, ya tabbatar da cewa fara shi da wuri ya rage mutuwar jarirai da kashi 76 cikin ɗari, kuma yau akwai ƙwayar dolutegravir ta yara da ake narkarwa a ruwa kaɗan.

Maganata ta fi karkata ga magidanta, domin galibi izinin fita da kuɗin mota a hannunku suke, ga kuma matan da tsoron saki ke sa su ɓoye sakamako. Ku bar su su je awo tun ciki yana ƙarami, ku ma a gwada ku tare da su.