TSOHON AGOGON HANNU: YADDA YAKE AIKI DA ABIN DA YA KAMATA MAI ADANA SHI YA SANI

Gabatarwa

Hausawa kan yi wa agogo kirari da sarkin aiki, domin dare da rana ba ya hutawa. Kalmar agogo kuwa mun aro ta ne daga Yarabanci, inda take nufin ƙararrawa. Kafin zuwansa, kakanninmu suna auna yini da tafiyar rana da lokutan salla: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar da almuru. Da jirgin ƙasa ya iso Kaduna a 1911, aka kuma maido hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, sai ma'aikacin reluwe da soja da akawu suka wayi gari suna bukatar sanin ƙarfe nawa, har da minti nawa.

Har yanzu akan iske irin agogunan wancan zamani a ƙasan adakar kakanni, ko a akwatin gilashin masu gyara a Babbar Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kasuwar Barci ta Tudun Wada. A duniya akwai masu tara su, suna gyarawa suna adanawa. Wannan darasi zai duba yadda irin wannan agogo yake aiki, da abin da ke lalata shi, da kuma wani haɗari da ke ɓoye a fuskar wasunsu.

Taƙaitaccen tarihi

A da, agogon maza a aljihu yake zama, na hannu kuwa adon mata ne. A 1904 kamfanin Cartier na Faransa ya ƙera wa matuƙin jirgin sama Alberto Santos-Dumont agogon ɗaurawa a hannu, don kada ya saki linzamin jirgi garin laluben aljihu. Amma Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, shi ne ya yaɗa shi a tsakanin maza, saboda soja a cikin rami yana bukatar ganin lokaci hannuwansa na riƙe da bindiga. A 1926 Rolex ya fito da agogon da ruwa ba ya shiga, a ƙarshen 1969 kuma Seiko na Japan ya fara sayar da agogon kwaz mai aiki da batir, wanda daga baya ya mamaye kasuwa.

Yadda agogo mai wani yake aiki

Sassa huɗu ne ginshiƙan agogo mai wani. Na farko shi ne babban sifirin, wato wani siririn ƙarfe da aka naɗe kamar gammo. In ka yi wa agogo wani, ƙarfin yatsunka ne kake tarawa a cikinsa. Na biyu shi ne jerin ƙananan wili masu haƙora, waɗanda ke kai ƙarfin zuwa ga hannuwan agogo. Da an bar su haka, da sifirin ya warware cikin ƙiftawar ido. Don haka aka sa na uku, wata 'yar ƙugiya mai baki biyu wadda ke kama haƙori ta saki, ta kama ta saki. Sautinta ne kake ji in ka kara agogo a kunne. Na huɗu shi ne wilin lilo, mai kai da komowa da taimakon wani sifirin mai sirantaka kamar gashi, dabarar da masani Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya bayyana a 1675. Shi ne ke ƙayyade saurin ƙugiyar.

Yawancin tsofaffin agoguna suna bugawa sau 18,000 a awa, wato sau 5 a sakan, ko sau 432,000 a yini. Kwatanta wannan da zuciyar mutum mai bugawa sau 72 a minti, wadda ke yin 103,680 a yini. Domin rage gogayya, akan dasa ƙafafun wili a cikin ƙananan duwatsun yakutu na haɗi, shi ya sa za ka ga an rubuta adadinsu, 15 ko 17, a jikin agogo.

Abokan gaban tsohon agogo

Yanayin Kaduna yana gwada agogo sau biyu a shekara. Da hunturu, ƙura kan shiga ta gauraya da man da ke cikinsa, ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Da damina kuma, laima da gumi kan haifar da tsatsa. Akwai kuma maganaɗisu na lasifikar rediyo ko wayar hannu, wanda kan sa zagayen siririn sifirin su manne da juna, sai agogo ya riƙa gudu fiye da kima. Saboda haka, agogon da ya shekara da shekaru a ajiye bai kamata a yi ta yi masa wani ba, sai gwanin gyara ya kwance shi, ya wanke, ya sa sabon mai.

Haɗarin da ke fuskar agogo

A nan ne ilmin halittu ya shigo. Don a ga lokaci cikin duhu, tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya har zuwa shekarun 1960, an riƙa shafa wa lambobi da hannuwan agogo wani fenti mai ƙyalli, wanda aka haɗa da sinadarin radiyam. Marie Curie da mijinta Pierre ne suka gano radiyam a 1898. Yana fitar da wasu haskoki da ido ba ya gani, waɗanda ake kira radiyeshan. Su ne ke bugun garin da ke cikin fentin su sa shi haske.

Daga 1917, wata masana'anta a garin Orange na jihar New Jersey a Amurka ta ɗauki 'yan mata aikin wannan fenti. An koya musu su riƙa tsine bakin burushi da leɓɓansu, ta haka suka yi ta haɗiyar radiyam kaɗan-kaɗan. Ba da daɗewa ba haƙoransu suka fara zuba, ƙashin muƙamuƙi ya riƙa ruɓewa, jini ya ƙaranta, wasu kuma suka kamu da sankarar ƙashi. A 1925 likita Harrison Martland ya tabbatar da cewa radiyam ne sanadi. A 1928 mata biyar, ciki har da Grace Fryer, suka sami diyyar dala 10,000 kowacce, da dala 600 duk shekara.

Me ya sa ƙashi ne ya fi cutuwa? Ɗalibin kimiyya zai tuna cewa radiyam da kalsiyam 'yan rukuni ɗaya ne, rukuni na 2 a jadawalin sinadarai. Jiki ba ya bambance su sosai, sai ya ɗauki radiyam ya gina shi cikin ƙashi kamar yadda yake yi da kalsiyam. Hasken alfa da radiyam ke fitarwa ba ya iya ratsa ko da takarda ko fatar jiki. Amma in ya zauna a cikin ƙashi, babu abin da ya shiga tsakaninsa da ƙwayoyin halitta, har da na ɓargo inda ake ƙera jini, sai ya yi ta lalata su shekara da shekaru.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa agogon da ya daina ƙyalli ya daina cutarwa. Garin da ke haskawa ne ya gaji, radiyam kuwa yana nan. Sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare, don haka agogon da aka ƙera shekara 80 da suka wuce yana ɗauke da kusan kashi 97 cikin 100 na radiyam ɗinsa. Bugu da ƙari, radiyam yana rikiɗa ya zama iskar radon, wadda ba ta da launi ko wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lasafta ta cikin manyan masu jawo sankarar huhu bayan taba sigari. A 2018 masana daga jami'o'in Northampton da Kingston a Ingila suka ba da rahoton cewa tsofaffin agoguna 30 a ƙaramin ɗaki marar iska sun tara radon da ya ninka iyakar da aka shata a ƙasar sau 134.

Daga shekarun 1960 aka koma ga sinadarin tiritiyam, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin shekara 12 da 'yan watanni, kuma akan ga harafin T a ƙasan fuskar irin wannan agogo. A shekarun 1990 aka samo fentin da ba shi da radiyeshan ko kaɗan.

Shawarwari ga mai adanawa da mai gyara

1. Duk agogon da aka yi kafin shekarun 1960, mai lambobi masu kaurin fenti da ya koma ruwan ƙasa ko ruwan goro, a ɗauke shi tamkar mai radiyam.
2. Kada a buɗe shi, ko a kankare fentin, ko a hura masa iska da baki. Ƙurar fentin ce mafi haɗari.
3. In gilashinsa ya fashe, a sa shi cikin leda a ɗaure, a wanke hannu da sabulu.
4. A ajiye shi inda iska ke ratsawa, nesa da ɗakin kwana da hannun yara.
5. Ido ba ya tabbatar da radiyam, sai na'urar Geiger. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana aiki a wannan fanni, Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya kuma ita ce ke da alhakin sa ido a kan irin waɗannan sinadarai.

Masu tara tsofaffin agoguna sun fi daraja wanda fuskarsa take yadda aka ƙera ta a kan wanda aka sake wa fenti. Wanda ya bar fuskar agogonsa yadda take, ya tsare lafiyarsa ya kuma tsare darajar kayansa.

Kammalawa

Tsohon agogo gado ne mai kyau, kuma aji ne na kimiyya da ya dace da tafin hannu. Agogo ɗaya mai lafiyayyen gilashi, wanda aka ajiye inda ya dace, haɗarinsa kaɗan ne. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai gyara da ke sunkuyawa a kansa kullum. In kana da irin wannan maƙwabci, ka isar masa da abin da ka koya, domin rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Kawo sassa huɗu na agogo mai wani, ka faɗi aikin kowanne.
2. Agogon da ke bugawa sau 21,600 a awa, sau nawa yake bugawa a sakan?
3. Don me radiyam ke taruwa a ƙashi?
4. In rabin tiritiyam yana ƙarewa duk shekara 12, kashi nawa zai rage bayan shekara 48?