Yadda Ake Nakiyar Sallah a Birniwa

Ayaba baƙuwa ce a Birniwa. Yawancinta daga kudu motoci ke kawowa, kuma zafinmu ba ya barin ta kwana uku ba ta yi baƙi ba. Abin zaƙin da uwargida za ta tanadar wa 'yan yawon Sallah sai wanda zai jure zafi da jira, shi ya sa har yau nakiya ba ta da kishiya.

Ki nemi ɗanyar shinkafa, ta tuwo, irin wadda ake nomawa a fadamun Guri da Kirikasamma. Wadda aka gumar ba ta yi, garinta ba ya kama jiki. Ki wanke kwano ɗaya, ki rege tsakuwa, ki jiƙa ta jim kaɗan, sannan ki baza a tabarma cikin inuwa ta sha iska. Sai a kai inji tare da citta, kanumfari, masoro da ɗan kimba. Ki roƙi mai inji ya kakkaɓe garin dawar da ya rage. In an dawo da garin shinkafar, ki tankaɗe.

Suyar gari ita ce nakiyar. Tukunya busasshiya, ba mai ba ruwa, wuta kaɗan-kaɗan, muciya kuma ba ta barin hannu. Za ki ga farin yana juyawa zuwa ruwan ƙasa mai haske, ƙamshi ya cika tsakar gida har maƙwabta su leƙo. Nan za ki sauke. In kika yi gaggawa, ɗanyen gari zai sa ta tsami kafin mako. In kika tsaya hira, ɗacin ƙuna ba sukarin da zai rufe shi. Ni dai ban yarda a bar wa yarinya wannan aikin ba.

A wata tukunyar ki dafa sukari kamar rabin kwano da ruwa kaɗan, ki matsa lemon tsami don kada ya koma ƙanƙara. Ki ɗiga a ruwan sanyi, in ya tsaya ya yi danƙo, ya isa. Da zuma ta fi daraja, mazarƙwaila kuma tana ba ta duhu da wani ɗanɗano na daban.

Sai turmi. A zuba gari, a bi shi da sukarin tun da zafinsa, a riƙa tsiyaya soyayyen man shanu ana kirɓawa. Man gyaɗa ma yana yi, amma baki yana ganewa. Mata biyu, taɓare biyu, har sai ta yi sulɓi ta daina kama turmi.

Ki shafa mai a tafi, ki cura ta dunƙule-dunƙule, ki bari ta huce sarai kafin ki jera a kwalla ki rufe. Muddin ruwa bai taɓa ta ba, takan yi watanni. Ranar Sallah a ɗiba wa surukai nasu a langa, yara a gutsura musu a hannu, tsofaffin da haƙori ya gaza kuwa a dama musu da ruwan ɗumi.