Harshen Gargaɗi: Nazari a kan Saƙonnin Ambaliya ta Wayar Salula a Arewacin Kano

Gabatarwa

Hausawa na cewa, in kunne ya ji, jiki ya tsira. To amma sai kunnen ya ji daidai. Manufar wannan takarda ita ce duba yadda za a kyautata saƙonnin gaggawa da ake aika wa manoma ta waya a ƙasashen Ɗambatta da Bichi da Kunci da Bagwai, inda gona ke jingine da gona, kuma gidaje da yawa na ƙasa ne, waɗanda marka ke iya rushewa.

Tushen Al'amarin

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001. Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina kowace shekara, NIHSA ta bayyana wuraren da ake fargabar ambaliya, NEMA kuwa, wadda aka kafa a 1999, ta kai agaji. Duk da haka, ambaliyar 2022 ta ci rayuka fiye da 600 a ƙasar nan. Wato dai sanin masana bai wadatar ba, sai ya isa ga mai gona cikin harshen da ba zai ruɗe shi ba.

Matsalolin Harshe

Na farko, haruffa masu ƙugiya. Gajeren saƙo guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70. Marubuci kan jefar da ƙugiyar don tsimi, sai ƙafa ta zama kafa, ƙasa ta zama kasa.

Na biyu, rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Alal misali, a Kunci akwai kogi da madatsa mai suna Gari. Idan aka rubuta "a nisanci gari" da ƙaramin baƙi, wani ya fahimci kogi, wani ya tattara iyalinsa ya fice daga ƙauye.

Na uku, sunayen wurare. Sabon Gari da Tudun Wada ba su ƙirguwa a ƙasar Hausa. Saƙon da bai ambaci gunduma da ƙaramar hukuma ba zai tayar da hankalin waɗanda abin bai shafa ba, gobe kuma su yi watsi da na gaskiya.

Na huɗu, ma'auni. Milimita ba ta gaya wa manomi komai. Ya fi gane a ce ruwa zai kai gwiwa ko ƙugu, tsakanin la'asar da magariba.

Darasi Daga Shela

Kafin zuwan waya akwai sanƙira. Shelarsa tana da tsari: ya faɗi wanda ya aiko shi, da waɗanda ake nufi, da abin da za su yi, sa'an nan ya maimaita. Saƙon waya ya kamata ya bi wannan sawu, ya kuma bambance "mai yiwuwa" da "tabbas". A riƙa tura shi da murya saboda waɗanda ajami kaɗai suke karantawa, a kuma sanar da dagaci da mai unguwa domin su gaskata shi. In an yi kuskure a gyara nan take. A Hawayi ta Amurka, a 2018, an aika gargaɗin ƙarya na makami mai linzami, sai bayan minti 38 aka tura gyara, jama'a na cikin firgici.

Kammalawa

Bugu da ƙari, dabarar aika saƙo ga wayoyin da ke ƙarƙashin turken sadarwa guda za ta sa a gargaɗi mazauna gindin madatsar Watari ba tare da razana mutanen Ɗambatta ba. Wannan aikin injiniyoyi ne. Amma zaɓen kalma da daidaita ƙa'idar rubutu nauyi ne da ya rataya a wuyan ɗaliban Hausa, domin a nan kuskuren harafi ɗaya yana iya zama asarar rai.