Darasi: Fitilun ado na daren biki

Babbar Salla na tafe, bayanta kuma ga Ranar 'Yan Gudun Hijira ta Duniya, 20 ga Yuni. Matasa suna son a ƙawata fili da fitilu kamar yadda suke gani a Nima da Maamobi. Mun yarda, amma ba da kyandir ko aci-balbal ba. Ɗakunanmu na tamfol da katako ne, a manne da juna, kuma wuta ba ta san biki ba.

Mutanen Akra sun sha duhu kafin su koyi wannan darasi. A 2015, lokacin dumsor, gida kan yi awa 24 babu lantarki, a kawo na awa 12, a sake ɗaukewa. Janareta kuwa mai yake ci, ga hayaƙi, ga ƙarar da ke danne kukan yaro idan ya ɓata a cikin taro. Shi ya sa muke cewa a dogara da rana.

Kayan ado ba sai an saya ba. A bikin Chale Wote, wanda aka fara a Jamestown a 2011, masu fasaha suna mai da shara abin kallo. Serge Attukwei Clottey jarkokin ruwa masu ruwan ɗorawa yake yankawa, ya ɗinke su da waya, su zama kamar ƙaton zane. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin babbar kwatar Nima ya san yawan robar da ke toshe ta da damina. Irin wannan robar muke nema.

Ga yadda ake yi. A sami gorar roba fara, a wanke, a cika da ruwa, a rufe. A ɗora ta kan ƙaramar fitila mai cajin rana, hasken na kallon sama. Ruwan zai baza hasken ko'ina, maimakon ya tsaya wuri ɗaya. Mai son ja ya ɗiga ruwan soɓorodo, mai son ruwan ɗorawa ya sa gangamau, shuɗi kuma shunin wanki ya isa. Kaɗan ake sawa. Idan launin ya yi kauri yana cinye hasken. Washegari a zubar, kada yara su ɗauka abin sha ne. Gwangwanin tumatir ma yana yi: a huda shi da ƙusa, a fitar da dagi ko tauraro, a daddanne bakinsa don kada ya yanki hannu, a kifa shi kan fitila.

Wasu sun ji labarin kwalbar Alfredo Moser, makanikin nan na Burazil da ya soke kwalbar ruwa a rufin ɗaki a 2002, ta haska kamar ƙwan lantarki. Gaskiya ne, amma da rana kawai take aiki. Da dare sai da batir.

Yuni damina ce, gajimare na rage caji. A shanya fitilun yini biyu kafin biki, a goge fuskar faifan, kada a kunna su kafin magariba. Batirin da ya kumbura ko ya tsatsa a kawo shi ofis. Kada a jefa shi a wuta ko a masai.

Abin da ya fi damunmu shi ne inda za a jera su. Kowa zai so a tara haske a gaban makaɗa da manyan baƙi. Mu a ganinmu fili ya ɗauki rabi kawai. Sauran a jera su a hanyar banɗaki, da bakin famfo, da lungun da ake bi a koma gida, domin a daren biki manya suna wurin kallo, kuma a lokacin ne yarinya ke tafiya ita kaɗai. Fitila ɗaya mai kashe ido ba ta kai ƙanana biyar a jere ba, don mai ƙarfin tana barin baƙar inuwa a bayanta. Mata da 'yan mata su ne za su nuna wuraren, su suka san su.

Bayan biki, fitilun hanyar banɗaki za su zauna inda suke. Kowane layi ya zaɓi mutum biyu, mace da namiji, masu kwashe su da asuba su shanya, su mayar da yamma. A kai sunayensu teburin kariya kafin Juma'a.