Yadda Ake Koyon Kalmar "Tidy" Har Ta Zauna a Baki

A cikin kalmomin Turanci da na daɗe ina koya wa ɗalibai, yara da magidanta, babu wadda aka fi yi wa gurguwar fahimta kamar "tidy", domin kusan duk wanda na tambaya ma'anarta sai ya amsa mini da cewa tsabta ce, alhali kuwa tsakaninta da tsabta akwai tazara irin wadda ke tsakanin wankin tufa da ninke ta. Laifin na ƙananan ƙamusoshin aljihun nan ne da ake bazawa a bakin kasuwa, waɗanda ke ajiye kalma ɗaya a gaban kalma ɗaya ba sharhi ba misali, kuma ina roƙon mai karatu ya nisance su.

Fara da lafazi. "Taidi" ake cewa, gaɓar farko kamar farkon kalmar taimako.

Sa'an nan ka nemi ƙamus na ƙwarai. Ni dai ban ga wanda ya kai Oxford Advanced Learner's ba, wanda A. S. Hornby ya assasa, maɗaba'ar Oxford ta buga shi a 1948, saboda an tsara shi ne musamman domin wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, kuma yawancin ma'anoni yana biyo su da jumla. Tsohon bugu ma ya wadatar, kuma a wurin masu sayar da littattafan hannu kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Idan ka sami ƙamus na Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, na 1990, ka ajiye shi a gefe domin dubawa, amma misalan Hornby za ka haddace.

Mataki na uku shi ne mai wuyar, kuma a nan nake so mu daɗe. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san an rarrabe ɗahara da nazafa: riga tana iya yin ƙura da gumi amma salla ta inganta da ita tun da babu najasa, wata kuma tana iya zama fara fat alhali fitsari ya taɓa ta ba a wanke wurin ba. To, irin wannan rarrabewar za ka yi. "Clean" tana magana a kan datti, wato an share, an goge, an wanke. "Tidy" kuwa tana magana a kan muhalli, wato kowane abu yana inda ya dace da shi, abin da mu muke kira kintsawa, ko mu ce wuri ya yi tsaf. Kishiyarta, "untidy", ita ce abin da yake a hargitse, barkatai.

Da wahala na koyi wannan. Ina ɗan makaranta wani malaminmu ya riƙa rubuta mini "untidy work" a ƙasan aikina, na ɗauka datti yake nufi, har na shiga wanke hannu kafin in taɓa littafi, ina kuma lulluɓe shi da takarda, amma jan biron nan bai daina ba, abin ya dame ni ƙwarai, sai da wani na gaba da ni ya duba ya nuna mini cewa soke-soke ne da rashin barin gefe da layukan da ke hawa juna. Littafin ba shi da ko ɗigon maiƙo.

Saboda haka kada ka tsaya ga hadda, ka yi da hannunka. Ka share ɗakinka ka goge shi tas, amma ka bar littattafai a kan gado da takalma a tsakar ɗaki, ka tsaya a bakin ƙofa ka ce, "The room is clean but untidy." Bayan kwana biyu, ƙura ta sauka, ka mayar da komai wurinsa ba tare da ka taɓa tsintsiya ba, ka ce, "The room is tidy but dusty." Wanda ya yi wannan sau ɗaya ba zai sake cakuɗa "clean" da "tidy" ba. Akwai 'yar'uwarsu ta uku, "neat", wadda ta shigo Turanci daga Faransanci, tushenta kuma kalmar Latin ce mai nufin ƙyalli. Ita aka fi yaba rubutun hannu da ɗinki da shiga da ita.

Na huɗu, nahawu. Kalmar "tidy" sifa ce kuma fi'ili ce. Idan za a yi mata ƙari, ban da "-ing", harafin ƙarshe yana komawa i, sai a rubuta "tidier", "tidiest", "tidied", "tidiness". "Tidy up" na nufin kintsa wuri, "tidy away" kuma na nufin kwashe kaya a adana su inda ake ajiye su. Ga gargaɗin da ba na gajiya da maimaitawa: idan lamiri ya shigo, a tsakiya yake zama, ana cewa "tidy it up", kuma kuskure ne a kai shi ƙarshe. Haka nan ka kiyayi siffanta babba da "untidy" a gaban idonsa, domin idan aka jingina ta ga mutum to halinsa aka taɓa.

Na biyar, ka saurari masu harshen. A Ingila kalmar tana bakin kowace uwa da ke aika ɗanta ya gyara ɗakinsa, har akwai yaƙin hana zubar da shara mai suna Keep Britain Tidy, wanda ya samo asali daga ƙudurin wata ƙungiyar mata a 1954, kuma ka lura da dacewar kalmar a nan, tun da takardar da aka yar a titi abu ne da ya bar muhallinsa. A Amurka kuwa an fi jin "clean up" ko "straighten up", don haka kada rashin jin ta a fina-finansu ya sa ka zaci ta tsufa.

Daga ƙarshe ka leƙa asalinta, domin shi zai warware maka wata ma'ana da ke rikita ɗalibai. Daga "tide" aka ciro ta, wadda a tsohon Turanci take nufin lokaci, kuma da farko abin da ya zo a kan kari, yana cikin kyakkyawan hali, shi ake siffantawa da ita, kafin daga baya ta karkata ga kintsuwa. Wannan tsohuwar ma'ana ta gamsarwa ita ce ta wanzu a cikin "a tidy sum". Idan ka ci karo da ita a jarida, an ce wani ya sayar da gonarsa ya sami haka, to ba jera kuɗin ake nufi ba, ana nufin ya sami kuɗi masu kauri.